Kujera Ɗaya a Akurki

Doña Herminia Ledesma ta yi shekara ashirin da biyu tana goge mini riguna. A shagon wanki da guga na Señor Higa take aiki, nan unguwarmu ta Almagro, a ɗakin baya inda tururi ba ya barin bango ya bushe. Ta zo Buenos Aires tana da shekara goma sha shida daga wani ƙauye na Santiago del Estero, ta yi aikatau a gidaje uku, sannan ta samu wannan aikin ta zauna. Ba ta yi aure ba. Gajeruwa ce mai ƙarfin hannu, kayanta kullum suna ƙanshin sitati.

Karatu ta iya kaɗan-kaɗan, rubutu kuwa bai wuce sunanta ba. Saboda haka kowace Asabar ta farkon wata takan zo gidanmu bayan an rufe shago, matata ta haɗa mata mate, shayin ganyen da muke sha a ƙoƙo, ni kuma in rubuta mata wasiƙa zuwa ga yayarta Casilda. Ni magatakarda ne a ofishin wani lauya mai hatimin takardun filaye. Hannuna ya saba da sa takardar kabon, don haka kowace wasiƙa akwai kwafinta a wurina, a jere bisa kwanan wata.

Casilda ta girme ta da shekara tara, ita ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Lokacin da kuɗin mota na mutum ɗaya ya samu, Casilda ta ce ƙanwar ta tafi, ita ta tsaya da awaki da tsohon mahaifinsu. Ita kuwa ba ta karatu sam. Mai kantin ƙauyen ne ke karanta mata wasiƙa da ƙarfi, duk wanda ya zo sayen kananzir yana ji. Doña Herminia ta san da haka, shi ya sa take ɗan ƙara wa zamanta na birni gishiri. Ba manyan ƙarairayi ba ne. Ɗakinta mai taga ɗaya ya zama mai baranda. Kuma a cikin wasiƙu, kusan kowace Lahadi takan je gidajen wasan kwaikwayo na titin Corrientes kallon wasa. Labarin wasannin kuwa daga bakin masu kawo kaya take ji, da hotunan da ke manne a bango.

Sau ɗaya na taɓa ɗaga biro na ce, "Doña Herminia, kin je kuwa?"

"Don Rogelio, kai dai rubuta," in ji ta. "Yaya ba ta tsaya da awaki don in zo birni in ƙare cikin tururi ba."

Ban sake tambaya ba.

A shekarar 1993 aka yi wani wasan waƙa da rawa mai suna Fitilun Tasha, labarin wata mata da ke jiran mijinta, ma'aikacin jirgin ruwa. Wata takwas ana yin sa, kullum gidan a cike. Waƙoƙinsa suna rediyo, suna bakin direbobin bas, har suka kai ƙauyen su Casilda. A watan Yuli wasiƙarta ta iso, da rubutun mai kantin. Ta ce shekarunta saba'in, gwiwoyinta sun fara ƙin ta, ta sayar da awaki biyu. Tana so ta zo sau ɗaya ta zauna kusa da ƙanwarta a irin wurin nan da take zuwa kowace Lahadi, ta ga wannan wasan da idonta.

Na karanta mata sau biyu. Ta juya ƙoƙon mate a hannu, sannan ta ce in rubuta: "Ki taho, Yaya. Tikiti biyu suna hannuna."

"Suna hannunki?"

"Za su zo. Kuɗin na cikin gwangwanin biskit. Ba saye ake yi ba?"

Ta ɗauka kamar tikitin jirgin ƙasa ne. Da ta je tagar sayarwa ranar Litinin, aka gaya mata an sayar da komai har zuwa ranar rufe wasan a tsakiyar Agusta. Wasiƙar kuwa ta riga ta tafi, Casilda ta aiko da ranar isowarta. Sai ana saura sati biyu gidan wasan ya manna takarda: an ƙara wasa ɗaya, ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma. Kujeru ɗari shida za a sayar a taga, ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe, mutum ɗaya tikiti biyu. Wato mutum ɗari uku ne ke da rabo.

Ni ma layin ya same ni, amma ba don kaina ba. Maigidana ne ya sallame ni daga aiki kwana huɗu in samo wa matarsa da ƙanwarta. Na isa ranar Talata da sassafe, na tarar da mutum biyu. Kamar yadda aka saba a irin wannan layi, ba wanda zai yi kwana uku a tsaye. Littafi ake buɗewa, kowa ya ba da suna ya karɓi lamba, a rubuta masa ita da biro a wuyan hannu, sannan a riƙa kiran suna sau uku a rana: bakwai na safe, ɗaya na rana, bakwai na yamma. Da suka ga rubutuna, sai suka miƙo mini littafin.

Kafin azahar masu sayen tikiti su sayar da tsada suka fara zuwa, mutum ɗaya ya rubuta sunan 'yan'uwansa shida, ya riƙa amsa musu da murya daban-daban. Muka taru muka yi dokoki uku, na rubuta su a shafin farko, kowa ya yarda. Wanda bai amsa kira ba, a soke shi. Wanda aka soke, in yana so ya koma ƙarshen layi. Wanda ya amsa wa wani, a soke su duka biyun. Ta ukun ni na kawo ta.

Doña Herminia ta samu lamba tamanin da huɗu. Takan zo kiran safe kafin a buɗe shago, ta zo na rana cikin hutun cin abincinta ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba ta ci komai ba, ta dawo na yamma. Tururi yana wanke lambar daga hannunta, sai in sake rubuta mata sau uku a rana. Takan taho da fulas biyu na ruwan zafi daga shago, duk wanda ke kusa da ita ya sha mate.

Na bayanta, tamanin da biyar, wani dattijo ne mai hula, Don Evaristo Quiroga, tsohon mai duba tikiti a jirgin ƙasa. 'Yarsa yake nema wa. Yakan kawo burodin medialuna a jakar takarda, su raba.

"Doña Sitati," yakan ce mata, "shekara talatin ina huda tikitin mutane, yau ga ni ina roƙon guda biyu."

"Alhakin waɗanda ka sauke a hanya ne."

"Ban taɓa sauke mace mai fulas ba."

Ranar Alhamis, kiran ƙarfe ɗaya, ana yayyafi. Na kira tamanin da huɗu, ta amsa. Na kira tamanin da biyar, Evaristo Quiroga. Shiru. Na sake kira.

"Yana nan," in ji Doña Herminia. "Ya zaga bayan gida a gidan shayin can."

Har na kai biro kan takarda, sai wata mata mai doguwar rigar sanyi, Señora Urquiola, ta matso. Jiyan nan na soke matar wanta saboda makarar minti bakwai, ta yi kuka a gabana.

"Bayan gida? Tun ƙarfe goma sha biyu nake nan, ban ga hularsa ba."

Wani ƙaton direban taksi da lambarsa ke can wajen ɗari uku da talatin ya ce, "Bari in dubo. In yana ciki, ni zan riƙe masa wando."

Aka yi dariya. Ya tsallaka titi, ya dawo yana karkaɗe hannu. "Ba kowa sai ƙuda."

"Mai littafi," in ji Señora Urquiola, "karanta mana doka ta uku. Da ƙarfi, kamar yadda ka karanta ta farko jiya."

Doña Herminia ta dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. "Dattijo ne fa. Ya ce mini da safe zai je a duba masa ido. A garinmu in dattijo ya tashi daga wurinsa, na kusa da shi ne ke riƙe masa."

"Nan ba garinku ba ne, Doña," in ji direban. "Ni ma uwata dattijuwa ce, ita nake nema wa."

Na ce ba mai sayar da tikiti ba ce, kowa ya san ta, da yawansu sun sha ruwan fulas ɗinta. Wani ya ce ruwan zafi ba tikiti ba ne. Na ce to a ɗaga hannu. Na yi fatan na gaba za su fi yawa, amma na gaba ba abin da za su samu ko su rasa, yawancinsu suka dubi ƙasa. Waɗanda ke gab da ɗari uku kuwa, mutum biyu in sun fita daga gabansu, kujeru huɗu ke nan. Hannuwansu suka tashi. Na ƙirga sau biyu ko da zan sami kuskure, ban samu ba.

Na ɗora rula na ja layi a kan sunaye biyun. Na buɗe shafin ƙarshe na rubuta ta a ɗari uku da arba'in da ɗaya. Ta miƙo hannu, na goge tsohuwar lambar da babban yatsana na rubuta sabuwa. Ta ɗauki fulas ɗinta ta koma aiki.

Don Evaristo ya iso bayan minti arba'in, sanye da baƙin tabarau. An ɗiga masa magani a ido, sai da ya jira gani ya dawo. Na rubuta shi a bayanta. Da yamma da suka haɗu ya cire hula.

"Wa ya ce ki amsa mini?"

"Babu."

"To me ya kai ki?"

"Bakina, Don Evaristo. Ya riga ni."

Na zauna da littafin na cire duk waɗanda aka soke tun Talata. Mutum ɗari uku da bakwai ne a gabanta. Na gaya mata gaskiya: sai in wasu sun sayi ɗaya-ɗaya, kuma da yawa. Na buga wa maigidana waya na roƙe shi ya bar mata tikitinsa, ya ce, "Rogelio, ka san matata," ya ajiye. Na tambayi ɗaya daga cikin masu sayarwa da tsada, farashin da ya faɗa ya fi albashinta na wata biyu. Señor Higa ya tambayi duk wanda ya kawo kwat a ranar ko yana da tikitin sayarwa, ba a dace ba.

Ranar Juma'a aka buɗe taga da ƙarfe goma. Na sayi biyun maigidana, na tsaya a gefe ina kiran lambobi. Duk wanda ya sayi ɗaya sai in yi ɗigo a gefen sunansa. Doña Herminia tana can baya, ba ta ganin taga, fuskata kawai take kallo. Ƙarfe biyu saura, ɗigo ya kai goma sha biyar, layi ya iso kanta.

Mai sayarwar ya ce, "Saura ɗaya."

"Biyu nake so, ɗana."

"Ɗaya ce ta rage, Doña. A wurin da ake ce wa akurki, can saman bene, jerin ƙarshe. Kuma akwai ginshiƙi a gabanta, ina gaya miki tun yanzu."

Ta juya ta dubi Don Evaristo.

"Karɓi," in ji shi. "'Yata tana da rediyo."

Ta karɓa. Aka sauke allon taga a gabansa. Ya sa hularsa, ya gaishe mu, ya tafi.

Casilda ta sauka a tashar Retiro ranar Asabar da safe, bayan awa goma sha huɗu a mota. Doguwa ce siririya, da baƙar riga da sanda, da cukwin awaki a ƙunshe cikin zane. Da rana suka zo gidanmu cin abinci. Ta riga ta ga ɗakin ƙanwarta, ba ta ce komai a kan baranda ba. A kan tebur ne Doña Herminia ta fito da tikitin.

"Ke za ki shiga, Yaya. Ni na gani har sau biyu. Nawa na ba wata maƙwabciya, tana ta roƙo."

Casilda ta juya takardar a hannu. "Na zo ne mu zauna tare, Minia."

"Ai ina ƙofa. Kina fitowa za ki gan ni."

Matata ta tashi ta shiga kicin. Ni kuma na ci gaba da yanka burodi.

Ranar Lahadi na raka su, don Doña Herminia ta ce ana bukatar hannun namiji. Masu akurki ba ta babbar ƙofa suke shiga ba, akwai wata ƙarama a gefe, daga ita sai matakala. Mai duba tikiti ya ce hawa casa'in da shida ne. Na roƙe shi ya bar ɗayanmu ya kai ta sama ya sauko.

"In na bar ka, sai na bar kowa. Jiya mutum uku suka kai kakarsu sama, har yau ban ga sun sauko ba."

Casilda ta gyara gyalenta, ta kama ƙarfen gefe da hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Tana hawa ɗaya, ta tsaya, ta jawo ɗayar ƙafar. Mutane suna raɓa ta suna wucewa. Doña Herminia ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bayanta har ta sha kwana.

Awa biyu da minti arba'in muka jira. Na ce mu shiga gidan shayi, ta ƙi, ta ce kada Yaya ta gaji ta sauko da wuri. Ta ƙaramar ƙofar ba a jin komai sai ƙarar tafi jefi-jefi. Duk lokacin da aka yi tafi sai ta ɗaga kai.

Casilda ce ta ƙarshen saukowa. Fuskarta ta jiƙe, ko gumi ne ko hawaye ban sani ba. Muka zaunar da ita a kan dakalin wani shago da ke rufe, ta huta, sannan ta fara magana. Ta ce jirgin ruwa na gaske suka shigo da shi dandamali, da hayaƙinsa. Ta ce muryar matar ta fi ta rediyo. Ta ce wata yarinya a kusa da ita ta ba ta alewa.

"Amma ginshiƙin nan ya cuce ni, Minia. Gefen hagu duk ban gani ba. A ƙarshe jirgin ya tsaya a hagu, matar ta ruga can, kiɗa ya tashi, kowa na kuka. Ni ban ga komai ba sai fentin ginshiƙi. Na ji kunyar tambayar yarinyar. Na ce ai Minia ta gani sau biyu. Mijin ya sauko daga jirgin, ko bai sauko ba?"

Doña Herminia ta dube ni. Ni ma ban sani ba. Duk abin da muka sani na wasan waƙoƙinsa ne, su kuwa ba su faɗi ƙarshen ba. Ta gyara wa yayarta wuyan riga.

"Ban sani ba, Yaya."

"Kin manta?"

"Ban gani ba. Ban taɓa shiga ba."

"Wannan gidan?"

"Kowanne."

Casilda ta daɗe tana kallon fitilun titi da aka fara kunnawa. Sannan ta juyo gare ni.

"Kai ne mai rubutun?"

"Ni ne, Doña Casilda."

"Mai kantinmu yana yaba hannunka."

Ta ɗaga sanda ta nuna mai duba tikitin, yana ƙoƙarin rufe ƙofa. Na je na tambaye shi. Ya ce wata takwas yana aiki a nan, amma shi kullum kafin ƙarshe yake saukowa ya buɗe ƙofofi, bai taɓa gani ba. Masu kallo kuwa duk sun watse, titin ya cika da wasu mutane masu zuwa wasu wurare.

"Yaya, ki yi haƙuri," in ji Doña Herminia.

Casilda ta ce, "Mutanen kanti duk suna jira in kai musu ƙarshen. Me zan ce musu?"

"Ki ce ya sauko."

"A'a. Ni ba zan faɗi abin da ban gani ba."

Doña Herminia ta sunkuyar da kai. Casilda ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Na miƙa mata hannu, ba ta karɓa ba, sai ta ba ni sandar, ta kama damtsen ƙanwarta ta miƙe. Na ce bari in tsayar da taksi, ta ce ta zauna ya isa haka. Suka kama hanyar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a hankali, ni kuma na bi su a baya riƙe da sandar.